Ɗakin da Na Hana Baƙi Kwana

Damina ce, wadda mu nan muke ce wa harif, kuma ta wannan shekarar ta zo da nauyi. Tun ruwan farko ƙasa ta ƙoshi. Baƙar lakar nan tamu ta kumbura, hanyar Suki ta yanke har sau biyu, mata na tafiya kasuwa da takalma a hannu. Bahar, babban kogin nan namu, ya cika ya yi ja, yana wucewa da itatuwa har da saiwoyinsu. Kowa a gari hankalinsa na kan gonarsa, ko dawa za ta sha ruwa ta mutu. Ni kuwa hankalina na kan bango.

Na fara da wannan shekarar ne saboda ku 'yan matan da kuke zuwa kuna cewa in sama muku aiki a Dairi. Ɗiyata Sa'adiya ma ta taɓa ce mini, “Inna, aikin naki ai shara ce da shimfiɗa, sai a kai wa baƙo shayi.” Ban yi mata musu ba. Akwai shara, akwai shimfiɗa, akwai shayi. Amma ku zauna in gaya muku sauran.

Ga wanda bai san garinmu ba, Dairi tsohon gini ne a kan tudu, bayan gonakin ayaba, yana kallon ruwa. Ruhubanawa ne suka gina shi, Kiristocin nan masu keɓe kansu don ibada, tun kakanninmu na sabuwar sauka a wannan gaɓar. Da suka tashi, ginin ya zauna shekaru babu kowa sai jemagu da awaki, har Alhaji Bello, wani ɗan kasuwa na Sinnar, ya karɓe shi ya mai da shi masaukin baƙi. Ɗakuna takwas ne a jere, ƙanana, da babban zaure guda wanda rufinsa baka ne na jan bulo, babu azara ko ɗaya a cikinsa. Bangon ɗakunan kamu biyu ne kaurinsa, jan bulo ne aka ɗora da laka. Kowane ɗaki yana da 'yar taga can sama, da wata kafa a ƙasa kusa da daɓe, wadda ba ta wuce faɗin tafi biyu ba.

Ranar da na fara aiki, ina da goyon Sa'adiya a baya, Gwaggo Kulu ce ke riƙe da makullai. Tsohuwa ce gajera, ba ta ɗaga murya. Na miƙa hannu zan ɗauki tsintsiya, sai ta janye ta, ta ba ni wata doguwar gora mai ƙarfe a kai.

“Tsintsiya kowa ya iya,” in ji ta. “Shiga wanga ɗaki ki buga mini azara.”

Na shiga na buga da ƙarfi, ƙura ta zubo mini a ido. Ta yi dariya har ta dafa ƙofa.

“Ɗiyata, ba faɗa anka aike ki ba. Tambayarta za ki yi. Ki taɓa ta a hankali, ki saurari abin da za ta ce miki.”

Wata uku ina koyon wannan sauraro. Azarar giginya mai lafiya, in kin taɓa ta, sautinta tsaf yake, kamar an buga ƙwarya sabuwa. Wadda gara ta ci cikinta sai ta amsa a dushe. Kuma ba a tsakiya ake fara tambaya ba, a bakin bango ake farawa, inda kan azarar ya shige cikin laka, don nan take fara ruɓa, nan kuma ido ba ya gani.

Ɗaurin angarib shi ne na biyu. Gadon nan namu na igiya, baƙo ba ya lura da shi sai ya saki. Ana kwance igiyar ƙafa, a yayyafa mata ruwa, a ja da gwiwa a tokare, layi bayan layi. In kin ja da yawa, gado ya karkace, ƙafa ɗaya ta tashi. In kin yi sake, baƙo ya tashi da ciwon baya ya tafi yana ba da labarinki a mota. Tafin hannuna ya yi kanta kafin Gwaggo ta daina bin bayana tana kwance abin da na ɗaura. Haka randa: ana wanke ta da toka, a turara cikinta, a kife ta sha iska, sannan a zuba ruwa. Haka gidan sauro: ana duba shi da rana, a ɗaga shi a haske, don hudar da ba ta kai ƙwayar dawa ba ta isa ta hana mutum barci.

Sai yaɓe, aikin da ya fi kowanne wari, wanda kuma kowanne ke zaune a kansa. Kafin ruwa ya sauka muna haƙa rami bayan gini, mu zuba laka da kashin shanu da ƙaiƙayi, mu jiƙa, mu rufe, mu bar shi ya tsima. Zibala ake ce masa a nan. In ya yi, sai mu taka da ƙafa har ya yi laushi, mu shafe bango da rufi da hannu. Kowace shekara. Na taɓa tambayar Gwaggo ko babu abin da za a shafa sau ɗaya a huta. Ta ce, “Wanga bango yana shan ruwa ta ƙasa, yana fitar da shi ta jiki, kamar yadda kike zufa. Duk abin da za ki sa masa, sai wanda zai bar shi ya yi zufarsa.”

Amma dokar da ta fi riƙewa ita ce ta kwana. Da zarar an yi ruwan farko, mai riƙe da makullai za ta kwana a kowane ɗaki dare ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, a kan gadon da baƙo zai kwanta, kanta a inda kansa zai kasance. Ta ce da rana ɗaki yakan ɓoye abin da ke damunsa. Sai an rufe ƙofa, an kwanta, jiki ya yi shiru, sannan za a san inda yake ɗiga, inda sauro ke shiga, inda kunama ke fitowa. Ɗakin da ba ki kwana a ciki ba, ba ki da ikon shimfiɗa wa ɗan wani a ciki. Shekara tara muna raba ɗakunan, ita huɗu ni huɗu. Da ta rasu, Allah Ya jiƙanta, na ci gaba da takwas ɗin ni kaɗai.

Baƙi kuwa iri-iri ne. Akwai injiniyoyin ruwa masu wucewa Rusairis, su ba su da magana, a ba su gahawa mai citta kawai. Akwai 'yan kasuwar riɗi. Akwai malaman jami'a da Turawa masu zuwa da abin awo suna shafa bango suna rubutu. Wani ya taɓa tambayata ko ban jin tsoron kwana inda ruhubanawa suka yi ibada. Na ce masa mutanen da suka gina ɗaki ya yi sanyi a tsakiyar bazara ba tare da fanka ba, ai sun bar mini alheri, me zan ji tsoro? Ina yin sallata a ɗakin da suka yi tasu, ban taɓa jin komai ba sai kukan kwaɗi.

To, a shekarar da nake ba ku labari, tsufa ya kama Alhaji, ya daina hawa mota. Ya turo ɗansa Mu'awiya ya zama mudir, wato shugaban wurin. Mu'awiya ba mugu ba ne. Na san shi tun yana bin awaki a harabar nan. Ya yi karatu a Hartum, ya dawo Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa, kuma da gaske yake so wurin ya ci gaba. Da bazara ya kawo magina daga Sinnar. Suka shafe bangon ɗakunan da siminti ciki da waje, suka zuba wani a kan rufi, suka yi farin fenti. Kafofin ƙasa kuwa suka toshe su duka, wai wata baƙuwa ta ga ƙadangare ya shigo ta nan.

Na same shi a ƙarƙashin dogon yaro na ce, “Mu'awiya, ɗana, a bar kafofin nan. A sa musu raga in don ƙadangare ne.”

Ya ce, yana kirana Hala, wato inna da Larabci, “Ya Hala Halima, kullum kashin shanu, kullum kashin shanu! Baƙo ya biya kuɗi ya zo ya shaƙi turken shanu? Halas, shi ke nan, na hutar da ke. Shekara ashirin ba za ki ƙara taka laka ba.”

“Ban ce na gaji ba.”

“To ni na gaji a madadinki.”

Magina suka yi dariya. Ni ma na yi murmushi na koma bakin aikina. Kuma gaskiya wurin ya yi kyau a ido. Ya ɗauki hotuna da wayarsa ya watsa, mutane suka fara bugowa.

Da aka yi ruwan farko na ɗauki zanena na fara kwana. Ɗaki na ɗaya zafi ne kawai, iska ba ta motsi. Na biyu da na uku haka. Na huɗu na tashi na tarar da gefen katifa da ke jikin bango ya yi sanyi kamar an yayyafa masa ruwa. A na biyar, ina kwance na ji warin rijiya, irin na laka da ta daɗe ba ta ga rana ba. Can sai wani abu mai laushi ya fara sauka mini a fuska. Na shafa, gari ne. Na yi shiru, sai na ji su, ƙaramin sautin nan kamar ana murza yashi a cikin ƙwarya. Gara ce. Da gari ya waye na kawo gora na taɓa kawunan azara. Huɗu daga cikin bakwai suka amsa a dushe, ɗaya ma ƙarfen gorar ya shige ta kamar an soka kabewa. Kuma a kansu ga nauyin simintin da ba a gina su don su ɗauka ba. Na shida da na bakwai da na takwas ban jira dare ba, na buga da rana, kusan duk ɗaya ne.

Ruwa ya hau bangon daga ƙasa kamar yadda ya saba, ya nemi hanyar fita ya rasa. Sai ya zauna a ciki.

Na gaya wa Mu'awiya ranar Talata. Ya shiga ɗakin ya ɗaga kai ya ga farin fenti, ya buga bango da tafin hannu.

“Ƙarfe!” in ji shi. “Ina tsaga? Nuna mini tsaga ɗaya.”

“Siminti ba ya tsagewa da wuri. Abin da ke bayansa nike gaya maka.”

“Hala, ranar Alhamis mutum goma sha biyu za su zo daga Madani. Likitoci ne da malamai. Don ɗakunan ruhubanawa za su zo, shi na nuna musu a hoto. In sun ji daɗi, wasu za su biyo. Ki bari su tafi, sai mu duba.”

“A bar su a zaure. Zan gyara shi ya fi ɗakunan.”

“Zaure? Kamar 'yan zaman makoki?”

Na ce masa ni dai ba zan shimfiɗa a ɗakunan nan ba. Ya ɗauka magana ce ta tsofaffi, ya tafi Sinnar sayen nama da ƙanƙara.

Kwana biyun nan ban zauna ba. Na kulle ɗakunan duka takwas, don ban yarda da ko ɗaya ba, na ɗaure makullan a bakin zanena. Na fitar da angarib goma sha biyu, na ja igiyar kowanne. Na wanke zaure, na turara shi da icen ɗalha mai ƙamshi. Na ja igiya daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi na rataya sababbin tabarmi, ɓangaren mata daban, na maza daban. Na ɗaura gidan sauro goma sha biyu, na ajiye wa kowa butarsa da 'yar fitilarsa. Na san abin da zai biyo baya. Aikin nan shi ke ciyar da gidana tun da maigidana ya daina iya riƙe fartanya. Amma ni na kwana a ɗaki na biyar, Mu'awiya bai kwana ba.

Alhamis da la'asar suka iso, hadari na haɗuwa ta gabas. Mu'awiya ya sauko daga mota yana murmushi, ya miƙo hannu.

“Makullai, Hala.”

“Masaukinsu na zaure.”

Ya matso kusa ya rage murya. “Kada ki kunyata ni gaban mutane. Wallahi kada ki yi.”

“Ba kunyarka nike nema ba, ɗana. In rufi ya sauko kan ɗiyar wani, wa zai je Madani ya gaya wa uwarta? Kai ko ni?”

“Wurin na ubana ne.”

“Na ubanka ne. Shimfiɗar tawa ce.”

A cikin baƙin akwai wata babbar mace, Hajja Nafisa, likitar mata, wadda kakarta Bahaushiya ce, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ta dafa sandarta ta ce, “Mene ne, ya Hajja? Aljanu ne a ɗakin? In su ne ki bar ni da su, na auri wanda ya fi su.”

Aka yi dariya. Na ce mata, “Ba aljanu ba ne, Hajja. Azara ce ta ruɓe. Na kwana a ciki na ji.”

“Kin kwana a ciki? Ke da kanki?”

“Haka ake yi.”

Ta dube ni, ta dubi farin ginin, ta ce da Larabci ita dai ƙafarta ta gaji, a nuna mata gado ko a ina yake. Ta wuce zaure. Sauran suka bi ta, amma ba da daɗin rai ba. Wani mai tabarau ya ce bai yi tafiyar rabin yini don ya kwana kamar a asibiti ba, kuma sai ya gaya wa kowa. Biyu suka ce a mai da su Sinnar, direba ya ce hanya ba za ta biyu ba cikin wannan hadarin.

Mu'awiya bai ƙwace makullan ba, tarbiyyarsa ba ta bar shi ya taɓa zanen babbar mace ba. Ya tsaya a bakin madafa ina tuƙa asida, tuwon nan namu, ya ce, “Gobe da safe ki ba ni makullan, ki tafi gida. Na gode da shekarun da kika yi.”

Na ce, “To. Miƙo mini gishirin nan.”

Aka yi ruwa tun magariba har bayan isha, irin mai dukan ƙasa. Baƙi suka ci, suka sha shayi, suka kwanta. Zauren bai ɗiga ba.

Da asuba na yi salla, na dafa shayi da madara, na soya wainar fulawa, na kai musu. Sannan na fito. Ɗakunan na nan tsaye, fari fat, ruwa ya wanke su sun ƙara kyau. Mu'awiya na tsaye gabansu da mai tabarau, ya harɗe hannu.

“Ga su nan, Hala,” in ji shi. “Ko ɗaya bai faɗi ba. Kin kori baƙina a banza.”

Na kwance makullan na sa masa a hannu. Na je bayan madafa na ɗauko gatari, na zo gindin bangon ɗaki na biyar, daidai inda kafa take a da. Na yi bisimilla na sara.

A sara na uku simintin ya ɓalle, falle guda kamar faifai, ya faɗo gaban ƙafata. Ruwa baƙi ya biyo shi. Lakar da ke tsakanin bulo ta zama kamar kunu. Na sa hannu na zaro bulo ɗaya da yatsu, babu ko ƙoƙari, na ajiye a ƙasa. Gara ta yi ta zubowa fara sol, tana neman duhu. Warin ya sa mai tabarau ya ja da baya ya toshe hanci. Hajja Nafisa ta fito da kofin shayinta ta tsaya, ta ce, “La ilaha illallah. Nan ne za a kwantar da ni?”

Mu'awiya ya tsuguna. Ya tura hannunsa cikin ramin har wuyan hannu, agogonsa ya shafi laka. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban jira ba, na matsa gaba na sara inda ya biyo.

“Hala,” in ji shi can, “yanzu me za a yi?”

“Yau ba za a taɓa rufi ba. Ka tafi Suki ka kawo itacen tokara, busasshe, kada su ba ka ɗanye. Kowace azara guda. In an tokare, sai a sauke simintin sama kaɗan-kaɗan. Bango kuma a bar shi tsirara ya sha iska har ruwa ya ɗauke. Baƙo ba zai kwana nan ba sai kaka.”

“Sai kaka?”

“In Allah Ya so. Ka faɗa wa masu bugo waya akwai zaure.”

Ya miƙe yana goge hannu a wandonsa. Ya dubi makullan, ya rasa inda zai sa su, ya ɗora su a kan dokin ƙofar ɗakin kusa da ni, ya tafi neman direba.

Ban ɗauke su a lokacin ba, hannuna duk laka ne. Na gyara ɗaurin zanena, na ɗauki gatari, na wuce gindin ɗaki na shida.